Shagon wanki mai injin busarwa a Tumfure: abin da nake kai musu da abin da na daina kaiwa

Ruwan Agusta ne ya kora ni shagon nan, ba son burga ba. A shanya kaya da hantsi, kafin azahar hadari ya haɗo daga gabas, a kwashe da gudu a baza su kan kujerun falo da ƙyamaren ɗakuna. Tawul ya kwana biyu bai bushe ba, sai ya fara wannan warin tsami da ko turaren wuta ba ya rufe shi. Ga ni da 'yan biyu masu wata takwas, ga kayan makarantar yayyensu. Wata maƙwabciyata ce ta ce in gwada wani shago a unguwar Tumfure ta Gombe, kan hanyar Bauchi, wai suna da injin da ke busar da kaya ko rana ba ta fito ba.

Shagon ƙarami ne, amma tsaf. Injinan wanki biyu, na busarwa ɗaya mai ɗaukar kilo 8, teburin guga a gefe, janareta a baya. Mai shagon dattijo ne mai sanyin magana, yana da yaro ɗaya da ke taya shi.

Zuwana na farko ban ji daɗi ba, kuma gara in faɗa tun yanzu. Mai shagon ya tafi jana'iza, yaron ya tattara duk abin da na kawo ya cusa a injin lokaci guda, ya murɗa shi zuwa zafi mafi ƙarfi. Tawul dai sun fito lafiya lau. Amma leshina mai duwatsu, wanda na yi anko da shi a bikin ƙanwata, kusan rabin duwatsun hannunsa sun zube, domin da gam aka manna su, zafi kuwa yana sakin gam. Rigar sanyin Hassan ta ulu ta tsuke har ba ta shiga kansa. Robar wandunan yara biyu ta saki. Ranar har gida na kai ina faɗa ni kaɗai a Keke Napep.

Washegari na koma da leshin a leda. Dattijon ya ɗaga shi, ya juya, ya yi shiru, sannan ya ce, "Hajiya, laifinmu ne, ki yi haƙuri. Wannan ko kusa da injin bai kamata ya je ba." Ya mayar mini da kuɗina, ya kuma biya telan da ya sake manna duwatsun. Sai ya ɗauko wata rigar jarirai ya nuna mini ɗan ƙyallen da ke ɗinke a wuyanta, wanda ni a da almakashi nake sa masa don yana sosa wa yara wuya. Akwai zanen murabba'i da da'ira a cikinsa. Ya ce ɗigo ɗaya a tsakiyar da'irar na nufin zafi kaɗan, ɗigo biyu zafin da aka saba, in kuma an ja layi biyu an gicciye zanen, to kada a sa a injin sam. Shekara nawa ina sayen gwanjo ban taɓa lura da wannan ba.

Matsalar ita ce yawancin kayanmu na tela ne, ba su da wannan ƙyalle. Nan ne gwanintarsa take. Da hannu yake taɓa yadi ya yanke hukunci. Tawul, zanin gado da singileti na auduga su ne ke shan zafi mai ƙarfi. Kayan makaranta da hijabai masu santsi, da yake akwai roba a zarensu, zafi kaɗan yake ba su, ya fitar da su da wuri kafin su yamutse. Atamfa yakan birkita ta ciki waje, ya cire ta da sauran ɗan danshi don ta yi daɗin guga. Shadda kuwa ya ce ko an roƙe shi ba ya sawa, ƙyallinta take rasawa. Inuwa take so, sai a kai wa masu bugu. Hular maigida ma haka, tana da masu wankinta daban.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya cika injin. Yakan bar wuri kayan su riƙa juyawa iska na ratsa su, kuma ba ya haɗa bargo da ƙananan kaya, don bargon yakan naɗe su ya fito da su a jiƙe. Bayan kowane zagaye yakan zaro wata 'yar raga a bakin injin ya share burbushin auduga da ta tara. Na ga ya ciro dunƙule kamar tafin hannuna daga tawul ɗina kaɗai. Ya ce in an bar ta ta toshe, kaya ba sa bushewa da wuri, kuma tana iya jawo gobara.

Kuɗin ba sauƙi. Busarwa ta fi wankin tsada, in kuma da janareta ne akwai ƙari, don injin yana jan wuta sosai. Ranar Asabar akwai jira, tunda injin ɗaya ne. Na taɓa kai kaya da safe ban karɓa ba sai bayan la'asar.

Yanzu duk Laraba nake zuwa, da buhu biyu da na ware tun daga gida: masu kauri daban, na yara daban. Nakan kira kafin in fito in tabbatar dattijon yana nan, duk da yaron ma ya koyi darasi, don kwanaki shi ya tsamo ɗankwalin sifon daga cikin tawul ɗina ya miƙo mini. Da zarar ruwa ya ɗauke a Oktoba zan koma igiyata, sai dai bargo da labule, waɗanda ƙurar hunturu ba ta bari su bushe da tsabta a tsakar gida.