Krita ko GIMP? Ga abin da na gani da idona

Ɗan'uwa, ka tambaye ni wacce za ka sa tsakanin Krita da GIMP, manhajojin zane da gyaran hoto na kwamfuta. Tunda zane za ka yi da alƙalami, ɗauki Krita ka huta.

Ni da ita nake cin abinci yanzu, a kan wata tsohuwar laftof 'yar gwanjo mai ram 4 da ƙaramin allon zanen da na saya a hannun wani. Ranar da ta shiga raina ita ce ranar da wani tela na unguwarmu ya kawo mini aikin dagin Arewa da zai ɗora a gaban riga. Duk wanda ya taɓa zana dagi da hannu ya san wahalarsa, ka gyara dama hagu ta karkace. A Krita sai na kunna madubi, na ja layi a gefe ɗaya, ɗayan gefen yana fitowa da kansa daidai wa daida. Hannuna kuma yana ɗan rawa, to akwai abin da suke kira Stabilizer, shi ke riƙe layin ya tafi sumul kamar zaren da aka ja. Ina tsakiyar aikin aka ɗauke wuta, batirin laftof ɗin dama ya daɗe da mutuwa. Na zauna cikin duhu ina salati. Da wuta ta dawo na buɗe Krita, sai ga ta tana tambayata ko in dawo da aikin da ta ajiye da kanta. Layuka kaɗan kawai na rasa.

Masu zane aka yi wa ita, shi ya sa burusanta suke da rai: fensir, gawayi, tawada, fentin ruwa, kowanne yana jin nauyin hannunka. Tun fitowa ta 3.0 a 2016 take yin katun mai motsi. Tana buɗe fayil ɗin Photoshop, tana kuma aiki da CMYK, tsarin launin da injin buga takarda ke amfani da shi, wanda za ka gode masa ranar da ka kai aiki maɗaba'a. In zanen atamfa ko zanen gado kake so, tana da yanayin da ke maimaita zanen ta ko'ina ka ga inda gaɓa ba ta haɗu ba. Aibinta dai rubutu. Haruffa sun sha ba ni ciwon kai, sai na koma wata manhajar, Inkscape, in yi su.

GIMP kuwa, to, tana nan tun 1995, ta 3.0 ta fito a Maris 2025, kuma in cire bayan hoto ne ko gyaran fasfo ba ta da laifi. Na yi wata biyu ina ƙoƙarin zane da ita, ban ƙaru da komai ba.

Ba ka tambaya ba, amma bari in faɗa maka. Kada ka ba kowa ko sisi don ya sa maka ɗayansu. Akwai masu shago da ke loda wa mutane Krita a filash su karɓi kuɗi, alhali tana nan kyauta a krita.org. Wadda ake sayarwa a shagunan intanet na Steam ko Microsoft ita ce dai wannan, kuɗin na tallafa wa masu haɗa ta ne. Mafi muni su ne masu "Photoshop na har abada". Ni na faɗa wannan ramin. Na biya, aka sa mini, sati bai cika ba kwamfuta ta fara buɗe tallace-tallace da kanta, ƙarshe sai da aka wanke ta gaba ɗaya, aikin wata uku ya bi ruwa. Da na koma wurin mutumin cewa ya yi ai ni na shiga intanet da ita.

Batun hotunan da za ka riƙa kallo kana zane kuma, kada ka dogara da shafin Pinterest, yawancin hotunan can suna da masu su. Gidan tarihi na Met da ke New York ya saki dubban ɗaruruwan hotunan kayansa a 2017, kowa ya yi abin da ya ga dama da su. Shafukan Pexels da Unsplash na da hotunan mutane da wurare. Don koyon jikin mutum, shafin Line of Action na jefo maka hoto daƙiƙa 30 ya canza, hannu ya saki dole. Sai dai faɗuwar babbar riga ko naɗin rawani da wuya ka same su yadda kake so a can. Ƙanina nake sa wa rigar Baba in ɗauke shi a waya ta gaba da baya, ladansa katin ɗari biyu.

In waya kawai gare ka, bar zancen Krita da GIMP, sa manhajar zane ta ibisPaint ka jure talla. In akwai kwamfuta, jira datar dare ka sauke Krita.