GARGAƊI GA MASU MOTA A KANO: Naira 235,000 ya karɓe min a kan fankar da ba ta juyawa

Assalamu alaikum jama'a. Naira 235,000. Ku fara riƙe wannan adadin, domin shi ne abin da wani mai kiran kansa ƙwararren makanike ya karɓe min a garin nan, kuma wallahi har yanzu da nake rubutun nan zuciyata tafasa take yi. Ba zan kama sunansa ko na garejinsa ba tukuna, saboda maganar ta je gaban hukuma kuma an ce na dakata. Amma rasit ɗin tiransifa, da hirarmu ta WhatsApp, da saƙonninsa na murya duk suna cikin wayata, kuma zan ɗora su kowa ya gani.

Motata Corolla ce 2006, 'yar Kwatano, ba a taɓa buɗe injinta ba tun da na saye ta. Matsalarta guda ɗaya ce. In ina gudu a titi, ko Zariya zan je na dawo, allurar zafi tana nan tsakiya ba ta motsi. Amma na shiga gosulo, kamar na Kurna da yamma ko na 'Yan Kura, sai allura ta fara hawa a hankali tana neman jan layi. Hanya na buɗewa na taka mota, sai ta sauko. Haka na faɗa masa, kalma da kalma. Na ce a tsaye take zafi, a tafiya ba ta yi. Ya ji ni sarai, har yana gyaɗa kai.

Masu cewa na cika saurin yarda da mutane, har da babban yayana, ku saurara. Tun 2009 nake tuƙi. Ba a bakin titi na tsinci mutumin nan ba. Bidiyonsa na gani a Facebook yana bayani a kan zafin inji, mutane cike a ƙasa suna sa masa albarka, sannan wani abokin aikina ya ce ya taɓa kai masa mota. Na je da ƙafata na ga gareji da allo da yara masu koyon aiki da manyan motoci a jere. Wane bincike ne ya rage ban yi ba?

Wurin da ya fi tsaya min a rai shi ne lokacin da ya jona kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari. Ya ɗan yi shiru, ya girgiza kai, ya juyo min da fuskarta ya ce, “Alhaji ka ga wannan? Gaskit ne ya fara ci. In ka ƙara sati guda a haka, inji za ka saya.” Ana cikin haka aka kira la'asar. Shi ya miƙo min butarsa. Sahu ɗaya muka tsaya, kafaɗa da kafaɗa. Muna fitowa ya riƙe hannuna ya ce, “Alhaji amana ce, ka ɗauka ƙanenka ka bai wa motar.” Ƙanenka! Wannan kalmar ce take dawo min kullum in na kwanta. Mutum ya idar da salla yanzun nan, goshinsa da ƙasa, ya riƙe hannunka ya ambaci amana. Ku gaya min wane Musulmi ne zai ce masa ƙarya kake yi? A nan tsaye, takalmina ma ban gama sawa ba, na tura masa 120,000 na gaskit da aikin kan inji.

Na 95,000 kuwa daga baya ne, ta waya. A'a, kafin nan ma akwai 20,000 na wani koren ruwa a gora marar takarda, wanda ya ce daga Dubai ake kawo masa, yana hana inji zafi har shekara biyu. Shi a hannu na ba shi, shi kaɗai ne ba ni da shaidarsa. Sannan ya kira ni da dare ya ce sun buɗe sun tarar lagireto ya toshe, dole a sa sabo mai layi biyu, wai na asalin na ƙasar sanyi ne ba ya jure ranar Kano. Na tura 95,000. Ku haɗa da kanku: 120,000 da 95,000 da 20,000. Naira 235,000. Kuɗin makarantar yara ne na taɓa, da niyyar na mayar ƙarshen wata.

Bayan na karɓo motar, ina ɗauke da iyalina a wajen Ƙofar Nassarawa, cikin zafin nan da ke haura digiri 40, allura ta sake tashi har ta shiga ja, tururi na fitowa ta gefen bonet. 'Yan adaidaita sahu na ta danna min hon, yara na kuka a baya, uwargida ta yi shiru ba ta ce komai ba. Motar da aka ci 235,000 a kanta ke nan. Na kira shi, waya a kashe. Da ya kunna sai ya turo murya wai ni ne na bar ta ba ruwa. Ruwan da shi ya zuba, na 20,000!

Na manta ban faɗa ba, ranar da na je karɓar motar na nemi ya nuna min tsohon gaskit da tsohon lagireto. Ya ce yara sun sayar wa 'yan gwangwan. Kun ga ai na tambaya. Ba wai na karɓi makulli na kama gabana ba ne.

Wani dattijo mai gyaran wayar mota ne ya taimaka aka tura ta gefe. Ya bari ta huce, ya ce, “Malam tayar da ita, ka kunna esi.” Na kunna. Ya ce, “Leƙo ka gani.” Fanka tana tsaye cik. Ya ɗauki bayan sukudireba ya ɗan ƙwanƙwasa ɗan injin da ke juya fankar, ta yi juyi biyu uku ta sake tsayawa. Ya ce burushinta ne ya cinye. Ya yi min bayanin da yaro ma zai gane: in mota na gudu, iskar da ke bugo ta ta gaba ita ke ratsa lagireto ta sanyaya ruwa, ko fanka ba ta aiki ba za ka sani ba. In ta tsaya a gosulo babu wannan iskar, fanka ce kaɗai. Shi ya sa duk wanda ya ji an ce mota na zafi a tsaye tana hucewa a tafiya, fanka zai fara dubawa, da fiyus ɗinta da rile da wayarta. Ya ce gaskit in ya ƙone yana da alamunsa: farin hayaƙi a salansa, baƙin mai ya koma kamar an zuba masa madara, ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, ko kumfa na tasowa a bakin lagireto. Tawa ba ta da ko ɗaya.

Sai ya haska min tocila a kan notikan inji. Ƙurar da ta daskare da tsohon mai tana nan yadda take, babu sawun sifana ko guda. Ba a buɗe injin ba. 120,000! Lagireton kuma tsohon nawa ne aka fesa masa baƙin fenti, har fentin ya taɓa tiyo. Na gane shi da wani tabon gam da ke gefen murfi tun shekarar da ta wuce. 95,000! Abin da kawai makaniken ya taɓa shi ne tamostat, ya cire ya jefar. Ita ce ke tsare ruwa har inji ya kai wajen digiri 82 kafin ta buɗe, kuma cire ta ba ya maganin fankar da ta mutu, sai dai inji ya daɗe bai ɗumama ba da safe, ya ƙara shan mai. Yanzu ita ma sai na saya.

Fanka 'yar Beljiyam muka samo a Ƙofar Ruwa, da kuɗin aiki gaba ɗaya 18,000. Na tsaya da ita a gosulo da gangan, allura ba ta motsa ba. 18,000 a inda aka karɓi 235,000. Kuma makaniken ya sani. Mutumin da ke tsayawa gaban kyamara yana koyar da jama'a zafin inji ba zai ce bai san fanka ba. Yana kallon idona, yana riƙe da hannuna, ya san fanka ce.

Na koma garejin. Yaransa suka ce maigida ya yi tafiya. Da na yi magana a ƙarƙashin bidiyonsa ya goge, ya toshe ni. Abokin aikin nawa kuwa da na tuhume shi, ashe juyen mai kawai ya taɓa yi a wurin.

In motarka na zafi a tsaye, ka duba fanka kafin ka bai wa kowa ko sisi. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafi, zai ƙona ka. Kada ka yarda a cire tamostat. Ka karɓi tsohon kayanka a hannu.

Duk wanda ya gane mutumin da nake nufi, mai kwamfuta da koren ruwa a gora, kuma shi ma an yi masa irin wannan, ya yi min magana ta akwatin saƙo da rasit ɗinsa mu haɗa a kai tare. Hotunan notikan da na lagireton zan fara sakawa yau da dare. 235,000 ɗina ban yafe ba.