Gargaɗi ga masu haɗa karfan a Jidda da Makka: ku yi hattara da mai sayar da taga a WhatsApp

'Yan uwa, abin da ya same ni ne nake so ya tsaya a kaina. Wata biyar na yi ina haɗa 'yar tirelar kwana, wadda mutanen nan ke kira karfan, don in hunturu ya shigo mu riƙa fita kashta, wato shan iska da kwana a daji, da yara wajen Usfan kusa da Jidda. Mai walda a Sina'iyya, unguwar masu sana'ar ƙarfe da gyaran mota, ya haɗa ƙarfen, ni na lulluɓe shi da falanki da kwano. Taga kawai ta rage.

A wani gurup na 'yan uwa na ga tallan wani mutum, hotuna tsaf-tsaf, ya ce tagogin karfan ne daga Jamus. Da Hausa ya amsa mini, Hausa tatacciya, "Alhaji, ai kai na gida ne, zan rage maka." Nan ya kama ni. Muka yi ciniki riyal 900 taga biyu, ya ce in tura rabi kafin alƙalami. Sunan da ya fito a asusun ba nasa ba ne. Ya ce na ƙaninsa ne, na yarda.

Sai ya turo mini awo, ya ce in yanka ramin tun yanzu don kaya na isowa a ɗaura. Wallahi wannan ne ya fi kuɗin ƙona mini rai. Da hannuna na ja layi, na sa zarto na huda bangon da na sha wuya a kansa, rami biyu, ɗana yana riƙe mini fitila. Har na tambaye shi in awon bai yi daidai ba fa? Ya ce gilashin mai tauri ne irin na mota, zai sa a rage shi. Da na san abin da na sani yau, da a nan na gane maƙaryaci ne: gilashin da aka gasa ya yi tauri ba ya yankuwa, kana taɓa shi da abin yanka zai tarwatse kamar tsakuwa.

Bayan kwana goma direba ya kawo kwali, ya ƙi sauke shi sai da na tura cikon kuɗin. Da na buɗe, tagar banɗaki ce ta alminiyom, gilashin gida, kusurwa a tsaye. Tagar karfan ta gaske kusurwarta a lanƙwashe take saboda girgizar hanya, tana da firam na ciki da ake ɗaurewa da na waje su matse bango, a sa baƙin manne mai danƙo da ake kira butil a ƙarƙashi don kada ruwa da ƙura su shiga. Babu ko ɗaya. In ta fashe a hawan dutsen Hada da ke hanyar Ɗa'ifa, ɓallin gilashin kamar wuƙa zai zubo inda yarana ke kwance. Kuma ta fi ramina ƙanƙanta da kusan santimita huɗu.

Na kira, lamba a kashe. Ya fice daga gurup. Daga baya mutum biyu suka same ni da irin labarin, ɗaya ma ko kwali bai gani ba, kuma yana tsoron kai ƙara saboda iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ta ƙare. Irin su yake farauta.

Ni na kai rahoto ta Kollona Amn, manhajar kai ƙara ga jami'an tsaro, na kuma sanar da bankina, tare da hotunan hirarmu da rasit. Wanda ya sayi kaya a shago mai rajista aka cuce shi, lambar Ma'aikatar Kasuwanci 1900 ce. Kada ku tura kuɗi asusun da ba sunan mai kaya ba, kuma don Allah kada ku sa zarto a bango sai taga tana hannunku kun auna ta da kanku. Ku duba kusurwar gilashi, mai tauri yakan zo da tambari.

Tawa tirelar tana nan a ƙofar gida, na toshe ramukan da leda da salatif. Ranar Asabar zan zaga tashlih, inda ake sayar da kayan matattun motoci, ko zan dace da tagar tsohuwar bas da za ta rufe su.