Sharhi kan ƙafar kyamara mai araha: ɗaukar saƙar fitilun motoci da dare a Legas

Ƙafar da nake magana a kanta, wato matokari mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara a kai don kada ta motsa, irin ta alminiyon nan ce da ta cika shagunan Ikeja: gaɓa huɗu a kowace ƙafa, maƙulli na ɗagawa, kai mai ƙwallo, da ƙugiya a ƙasan sandar tsakiya. Nauyinta kilo ɗaya da rabi ne. Na gwada ta da kyamara mai madubi da lens 18-55 a gadojin masu tafiya a ƙasa na titin Ikorodu, ina ɗaukar layukan haske da fitilun motoci ke zanawa a hoto idan an bar kyamara a buɗe na ɗan lokaci. Hukuncina shi ne tana yin aikin, amma sai an san inda za a kafa ta da abin da ba za a ɗaga ba a jikinta.

Saitin kansa ba shi da wuya. A sa kyamara a M (saiti da hannu), ISO (ƙarfin jin haske) 100, ƙofar haske f/11 (yawan lambar, ƙanƙantar ƙofar), a bar idon kyamara a buɗe daƙiƙa 10 zuwa 15. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya, don haka daƙiƙa 10 sun isa ta ja layi mai tsawon mita 170. A f/16 fitilun titi sukan fito kamar taurari. A f/22 kuma hoton yakan fara laushi. A kashe na'urar hana girgiza ta lens, domin idan kyamara na tsaye cak wani lokaci ita ce ke kawo motsin. A saita fokas da hannu a kan fitila mai nisa, a yi amfani da jinkirin daƙiƙa 2 don kada yatsa ya motsa komai.

Inda gizo ke saƙar shi ne gadar kanta. Duk tirelar da ta wuce, duk ayarin mutanen da suka hau matakala, daɓen yana rawa, kuma ƙafa marar nauyi irin wannan tana miƙa rawar kai tsaye ga kyamara. A tsakiyar gada abin ya fi muni. A daidai saman ginshiƙi ko kusa da bakin matakala ne ta fi natsuwa. Kada ƙafa ko ɗaya ta taɓa ƙarfen gefe, domin shi ne mutane ke dafawa.

Sandar tsakiya ita ce babban rauninta. Da zarar an ɗaga ta, kyamara ta koma kamar tana kan sanda guda, iskar da ke tasowa daga teku ma ta isa ta kaɗa ta. Haka gaɓar ƙarshe, wadda ba ta fi kaurin ɗan yatsa ba: idan an bar ta a ciki ba a zaro ta ba, rawar na raguwa a bayyane. Matsalar ita ce ƙarfen gefen gada yakan tare gaban lens idan kyamara ta yi ƙasa sosai, sai a nemi tsakanin sanduna a leƙa da lens. Ƙugiyar tana da amfani matuƙa wajen rataya jaka don ƙara wa ƙafar nauyi, sai dai jakar da aka rataya ta riƙa taɓa ƙasa. Wadda ke lilo ta fi rashinta ɓarna.

Ga hanyar gane mai laifi. A ƙara girman hoton a duba fitilar titi. Idan ta fito ɗigo zagayayye, ƙafar ta riƙe. Idan ta yi jela kamar waƙafi, kyamara ce ta motsa. Idan kuwa fitilun tsaye lafiya lau amma layukan motoci sun yi kwana-kwana a wuri ɗaya, rami ne ko tudu a kan titi, ba ruwan ƙafa.

Kan ƙwallon yana ɗan sunkuyawa bayan an ɗaure shi, musamman idan an juya kyamara a tsaye. A saita sama kaɗan da abin da ake so. Farantin da ke manne da gindin kyamara kuma a ɗaure shi da kwabo ko mabuɗi, ƙarfin yatsa bai isa ba.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Rana na faɗuwa a Legas tsakanin shida da rabi da bakwai, kuma mintuna ashirin na bayan magariba ne sama ke da sauran shuɗi. Amma a lokacin ne gosulo ke kankama, kuma motar da ke tsaye ba ta zana layi, sai dai ta tara farin haske ya ƙone hoton. Hannun masu komawa gida yakan toshe, hannun shiga gari na gudu, don haka sau da yawa launi ɗaya ake samu, farin fitilun gaba ko jan fitilun baya. Ranar Lahadi ta fi ba da duka biyun. Motocin BRT, saboda tsayinsu da fitilun cikinsu, su ne ke ba da layuka masu hawa biyu, sun cancanci a jira su. Ga wanda zai fita, a tafi mutum biyu: ɗaya na kallon allo, ɗaya na kallon jaka.

Danshin garin nan ba ya raga wa sukurorin maƙullan. Bayan fita kusa da ruwa, kamar wajen gadar Lekki da Ikoyi, a zare ƙafafun duka a goge su da busasshen tsumma, a bar su su sha iska kafin a naɗe. Maƙullin da ya saki a ƙara masa rubu'in juyi da ƙaramin mabuɗin da ke zuwa cikin jakarta.