Mita Mai Baki: Yadda Ta Yi Mini Aiki a Kan Injin Yankan Ciyawa Mai Batir

Injin yankan ciyawa na lantarki, irin wanda ake hawa a tuƙa, ba ya tari, ba ya hayaƙi. Idan ya lalace, ko dai ka murɗa makulli ka ji shiru, ko kana cikin yanka wuƙaƙen su tsaya cak. Dalilin da ya sa na sayi mitar auna wuta ke nan, irin mai bakin nan da ake buɗewa a damƙe waya da shi. Na jima ina aiki da ita, kuma a ganina duk mai irin wannan injin ya kamata ya ajiye guda, amma da sharaɗi.

Nawa injin mai bolt 48 ne, batira huɗu na dalma masu bolt 12 aka jera, wannan ya miƙa wa wancan. Cutarsa ita ce allon da ke gaban sitiyari ya nuna caji ya cika, amma da na kunna wuƙaƙe na shiga ciyawa mai kauri sai komai ya ɗauke. Lafiyayyen batirin dalma da ya sha caji ya huta yana nuna bolt 12.6 zuwa 12.8, huɗun a haɗe kuwa wajen 51. Da na auna su injin yana tsaye, duka huɗun sun ba ni kusan haka. Wanda ya tsaya a nan zai rantse batiransa ƙalau suke, ya tafi neman laifi wani wuri.

Batir ba ya tona asirin kansa sai an ɗora masa nauyi. A nan mitar ta biya kuɗinta, domin tana da maɓallin da ke riƙe mafi ƙarancin abin da ta karanta. Na maƙala wayoyinta a kan batir guda, na hau kujera, na kunna wuƙaƙe na ɗan yi gaba, sannan na kashe na duba. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya. Uku sun tsaya kusa da bolt 12, na huɗun ya gangara ƙasa da 10.5. Kowane batir yana da ɗakuna shida masu ba da kusan bolt 2, to irin wannan faɗuwar tana nuna ɗaki guda ya mutu ko yana gab da mutuwa. Tunda a jere suke, raunin guda ya isa ya ja wutar duka ƙasa har kwantirola, wato na'urar da ke sarrafa wutar da ke zuwa moto, ta yanke don kare batiran. Duka huɗun na canza, domin sabo a cikin tsofaffi ba ya daɗewa, ba sa ɗaukar caji daidai da juna.

Sharaɗin da na ambata shi ne bakin mitar ya iya auna wutar batir, wadda ake rubuta wa DC. Da yawa daga cikin masu araha wutar gida kaɗai bakinsu ke karantawa, a kan wannan injin kuwa bakin nasu ba shi da amfani. Tawa tana yin duka biyun. Sai dai dole a danna maɓallin sifili kafin kowane awo, kuma waya guda ake damƙewa. In ka haɗa mai kai wuta da mai dawo da ita a baki guda, sun soke juna, sifili za ka gani. Da ita na gane wuƙa ɗaya tana jan wuta fiye da 'yar'uwarta, ashe igiya ce ta nannaɗe a gindinta.

Ƙarar da take yi idan hanyar wuta a haɗe take ta sauƙaƙa mini duba makunnan tsaro. Akwai na ƙarƙashin kujera, da na birki, da na wuƙaƙe, wasu injinan ma ba sa tashi muddin caja tana jone. Idan ka murɗa makulli ba ka ji "ƙwas" ɗin babban makunnin da ke sakin wutar batir ba, fara da fis da waɗannan. Na kujerar nan ya fi kowanne rigima, soket ɗinsa yana sassautawa saboda jijjiga.

Inda ta ba ni haushi: wayoyin da ta zo da su tauri gare su, tsinin kuma ya yi kauri, ba ya shiga ƙananan soket. Ba ta zo da maƙalai ba, alhali ba yadda mutum zai zauna a kujera yana kuma riƙe da tsini a kan batir, sai da na saya daban. Tana kuma kashe kanta idan an bar ta ba a taɓa ba, sau tari daidai lokacin da hannuna biyu ke cikin aiki. Bakin ma ba ya ganin ƙaramar wuta sosai, don haka ba abin dogaro ba ne wajen neman abin da ke tsotse batir a ɓoye idan an ajiye injin.

Akwai kuma iyakarta. Ba ta ganin cikin kwantirola. Idan wuƙa ɗaya ta ƙi juyawa, musanya soket ɗin moton wuƙaƙen biyu ya fi saurin nuna ko cutar ta bi moton ko ta zauna a kwantirolarsa. A kan masu batirin litiyom kuwa, jimillar wuta kawai za ta nuna maka, sauran yana hannun allon da ke kula da batirin daga ciki.

Kafin taɓa kan batir a cire makulli, a cire zobe da agogo, a naɗe sifana da tef. Bolt 48 ba kasafai yake jan mutum ba, amma sifanar da ta haɗa kawuna biyu tana iya yin ja zur nan take ta ƙona hannu.