Masu gudun makaranta da masu zaɓen gida

'Yar'uwa, kin tambaya me ke sa wasu iyaye su riƙe 'ya'yansu a gida suna koyar da su da kansu, kin kuma ce ɗanki mai shekara takwas ya fara kukan ciwon ciki duk safiyar Litinin. Iyalan da ke yin haka iri biyu ne, kuma ina so ki gane inda kika faɗa kafin ki yanke shawara.

Na farko, makaranta ce ta koro su. Ana cin zalin yaro, ko aji ya cika maƙil har malami bai san sunansa ba, ko yana da wata lalura da ba wanda ke da lokacin kula da ita. A binciken da ma'aikatar ilimin Amurka ke yi lokaci-lokaci, damuwa da yanayin makaranta, wato tsaro da shaye-shaye da mugayen abokai, ita ke zuwa kan gaba. Korona ta ƙara yawansu: hukumar ƙidayar ƙasar ta ce cikin gidaje masu yara 'yan makaranta, masu koyarwa a gida sun tashi daga kashi 5.4 cikin ɗari zuwa 11.1 a cikin shekarar 2020.

Na biyu kuwa, ko makarantar ta fi kowace kyau ba za su kai yaro ba. Wasu saboda addini da tarbiyya, kamar al'ummar Amish, wasu Kiristoci masu rayuwar gargajiya, da kotun ƙolin Amurka ta ba damar cire 'ya'yansu bayan aji takwas a 1972. Wasu kuma ra'ayin John Holt suke bi, malamin da ya kafa mujalla a 1977 yana cewa yaro ya fi koyo idan aka bi sha'awarsa.

Ga inda suka rabu. Masu zaɓen gida sun daɗe suna shiri, sun tanadi manhaja, sun san wa zai bar aiki ya zauna. Abin tsoro a wajensu shi ne yaro ya tashi bai saba jin muryar kowa ba sai ta iyayensa. Masu gudu kuwa ba shiri suke shigowa, hankalinsu a tashe. A cikinsu nake. Makon farko da na cire 'yata, na gan ta tana karin kumallo ba ta riƙe ciki ba, wallahi sai da na yi hawaye. Amma a wata na uku muna zaune da takardar da na yayyanka gida huɗu ina nuna mata kwata da rabi, ta ɗago ta ce, "Mama, yaushe zan ga ƙawayena?" Na rasa amsa. Na yi mata maganin tsoro, ban tanadar mata abokan wasa ba, ni kuma ga gajiya. Bayan shekara ɗaya muka nemo mata wata makarantar, ban kuma yi nadamar ko ɗaya daga matakan biyu ba.

Ki duba dokar ƙasarki, don ba ɗaya suke ba. Jamus ta hana, Faransa tun 2022 sai da izinin hukuma, Ingila kuwa dokarta ta 1996 ta yarda.

Daga bayaninki, ina ganin cikin masu gudu kike. Ki fara kai shi likita ya duba cikin, sannan ki zaunar da shi ku biyu kawai, ki tambaye shi da wa yake zama lokacin hutun tara, kuma me ke faruwa a hanyar dawowa gida.