Kwas, Bidiyo Ko Mai Lambu: Wa Zai Koya Maka Noman Tsakar Gida?

Duk wanda ya je cefane ya ji kuɗin tattasai, ya dawo ya kalli tsakar gidansa, sai tunanin shuka ya zo masa. Daga nan zai ci karo da kalmar famakalca a intanet da masu tallar koyar da ita. 'Yan Ostareliya biyu, Bill Mollison da David Holmgren, su suka tsara ta a shekarun 1970: a shirya gida yadda sharar wani abu za ta zama abincin wani, ruwa kuma kada ya fita a banza.

Mafi tsada shi ne cikakken kwas na awa 72 mai takardar shaida. Galibi da dala ake biya, kuma yawancin darussan na fili ne mai faɗi: gangare, tare ruwan sama, dashen itatuwa. In kana son ka riƙa tsara wa mutane gonaki, ba ka yi asara ba. In kuwa buhu goma za ka jera a bayan ɗaki, doki ka saya don zuwa masallacin ƙofar gida.

Bidiyon YouTube data kawai yake ci, amma ka duba ƙasar mai maganar. Baturen Ingila neman rana yake yi wa shukarsa, yana gudun ƙanƙara. Kai kuwa a watan Afrilu inuwa kake nema, don ranar bazara kan dafa saiwa a cikin baƙar roba. Bidiyon Indiya da Kenya sun fi kusa da halinmu.

Ni dai kuɗina wajen mai lambun fadama zan kai. Shi ya san cewa ɗanyen kashin kaji ƙone shuka yake sai ya ruɓe, tumatir da salak lokacin sanyi suke so, alayyahu kuma kafin wata ɗaya an fara yanka. Ramin tassa da manoman Tawa a Nijar ke haƙa su zuba taki ya riƙe ruwa ai dabarar famakalca ce, ba su jira sunanta ba. Aibinsa ɗaya: hannunsa na saurin kai wa maganin feshi. Karɓi iliminsa na iri da lokaci, ka bar masa kwalbar, ka jiƙa ganyen darbejiya ka yi feshi da ruwansa.

Abin da ya rage a aljihu ka sa a mazubi. Buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi araha, sai dai rana na ruɓar da shi. Jarka mai lita 25 da aka yanke aka huda gindinta ta fi daɗewa, muddin ka tabbata ba fetur ko guba aka taɓa zubawa ba. Fara da alayyahu, rama, kuɓewa da albasa mai lawashi, ka rufe ƙasar da buntun shinkafa, ka ajiye su inda ruwan alwala ke zuba.